Agogon da na kai wa Yaya har yau yana cikin kwali

Assalamu alaikum Anti. Wata takwas ke nan da yayata ta tare a sabon gidansu. Na daɗe ina tara kuɗi, na saya mata wani ƙaton agogon bango ruwan zinare mai duwatsu masu walƙiya da na gani a intanet. Ranar da na kai mata ta yi ta godiya, har da rungume ni. Makon jiya na je gidan, ta aike ni ɗakin ajiya in ɗauko mata wani abu, sai ga agogona a cikin kwalinsa, ko ledar ba a cire ba. Ban ce mata komai ba, amma tun daga ranar in ta kira waya da ƙyar nake ɗauka. Ga shi aminiyata za ta koma wani ɗan ƙaramin gidan haya wata mai zuwa, ita da mijinta da ɗansu mai shekara biyu, ina tsoron abin ya maimaita kansa. Ni kaina falona cike yake da irin waɗannan kaya, amma bai taɓa yin kyau irin na hotunan da nake gani ba. Ni ce ban iya zaɓe ba, ko Yaya ce ta raina kyautata? In yi mata magana? Kuma me zan kai wa aminiyata?

Ƙanwarki mai damuwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na ji zafin da kika ji a bakin ƙofar ɗakin ajiyar nan. Mutum ya ƙuntata wa kansa ya tara kuɗi, ya zaɓo abu da zuciya ɗaya, sannan ya tarar ƙura ta rufe kwalinsa, dole ransa ya sosu. Ba zan ce miki ba komai ba ne.

Amma raini kam ban hango shi ba. Wadda ta raina kyauta ba ta adana ta wata takwas da ledarta. Da tuni ta miƙa wa wata, ko ta bar wa yara sun yi wasa da ita. Kuma da tana ganin akwai abin ɓoyewa, ba ke za ta aika ɗakin ba. Abin da na fi zato shi ne agogon ya rasa bangon da zai zauna. Wataƙila ya fi ƙarfin falon, wataƙila ruwan zinaren ya yi faɗa da kalar kujerunta, wataƙila maigidanta ne ya kalle shi ya yi irin shirun da mata suka san ma'anarsa. Sai ta rasa yadda za ta yi: ta kasa ratayewa, ta kasa bayarwa don daga hannunki ya fito, ta kasa gaya miki don kada ranki ya ɓaci. Sai ta mayar da shi kwali ta ce sai wata rana. Ni kara nake gani a nan. Akwai ma dalilin da ya fi duk waɗannan sauƙi: ƙaton agogo ba ya zama a kan 'yar ƙusa, sai an kira mai injin huda bango, kuma irin wannan aikin ne ake cewa gobe, gobe, har shekara ta zagayo.

Kayan adon ɗaki ba kamar sauran kyaututtuka ba ne. In kin ba mutum riga, ran da ya ga dama ya sa, ran da bai so ba ya ninke ya ajiye, babu mai ganewa. Abin da ake kafawa a bango kuwa da shi ake kwana da shi ake tashi, kuma duk baƙon da ya shigo zai ɗauka zaɓin matar gidan ne. Ke nan ranar da kika miƙa mata agogon, kin nemi aron wani yanki na bangon falonta ba tare da kin sani ba, aron da ba shi da ranar mayarwa.

Kuma abu ɗaya yana iya jawo goma. Akwai wani masanin falsafa ɗan ƙasar Faransa, Denis Diderot, da ya ba da labarin kansa wajen shekarar 1769. An yi masa kyautar wata jar rigar zaman gida mai kyan gaske, ya yar da tsohuwar tasa. Da ya sa sabuwar ya zauna a ɗakin karatunsa, sai ya ga kujerarsa ta yi muni kusa da ita, ya canza kujera. Sai tebur ya zama abin kunya, ya canza tebur. Sai hotunan bango. Ya wayi gari ɗakin ya zama na baƙo, shi kuma yana kewar tsohuwar rigarsa da yake goge alƙalami a jikinta ba tare da tunani ba. A 1988 wani masanin halayyar al'umma, Grant McCracken, ya raɗa wa wannan ɗabi'a sunan Diderot ɗin, har yau masu nazarin saye da sayarwa da shi suke kiranta. Yayarki ko ba ta taɓa jin sunan mutumin ba, ta san in agogon zinare ya hau bango, labule zai nemi a canza shi, kafet ma ya biyo baya.

Kada ki ɗauka ke kaɗai ce ke faɗa wa wannan rami. A 2016 wasu masana uku a Amurka, Jeff Galak da Julian Givi da Elanor Williams, sun tattara binciken da aka yi a kan kyauta, suka ga kuskuren kusan iri ɗaya ne: mai bayarwa hankalinsa yana kan lokacin da za a buɗe kwali a ce "kai, masha Allah!", mai karɓa kuwa tunaninsa yana kan watanni da shekarun da zai yi da abin. Kafin su, a 2009, Francis Flynn da Gabrielle Adams na Jami'ar Stanford sun nuna cewa masu bayarwa suna zaton tsadar kyauta ce ke ƙara mata daraja a idon wanda aka ba, alhali masu karɓar ba haka suke ji ba. Ke kin samu rungumar da kike nema ranar da kika kai. Ita aka bari da sauran kwanakin.

Ni da nake ba ki shawarar nan, na taɓa kai wa surukata labule mai nauyi da na daɗe ina yabawa, ban tambayi tsawon tagarta ba. Da aka rataya ya tsaya can sama kamar wandon da yaro ya girme wa. Baiwar Allah ta bar shi a haka kusan shekara don kada in ji kunya, duk zuwan da na yi shi nake fara gani. Da ta mayar da shi kwali da ta fi yi mini adalci.

To, za ki yi wa Yaya magana, amma ba da ƙorafi ba. Fara da ɗaukar wayarta da sakin murya, don na tabbata ta lura kin canza, kuma wataƙila tana can tana lissafin laifin da ta yi miki. In kun haɗu, cikin raha ki ce: "Yaya, na ga agogon nan a ɗakin ajiya. Ni ma da na sake kallon falonki na ga kamar ya yi masa girma. In mai kafawa aka rasa in turo miki, in kuma bai shiga ba ne ki ba ni abina in canza miki da abin da kike buƙata." Kin buɗe mata ƙofa biyu, kowacce ta bi babu mai jin kunya. In ta ce a'a, tana so, ki bar maganar nan, kada ki riƙa leƙen bango duk zuwan da kika yi. Abin da ya bar hannunki ya zama nata, har da ikon ajiye shi a kwali.

Yanzu falonki, don ciwon da ya kama agogon Yaya shi ne ke damunsa. Hoton da kike gani a waya an ɗauke shi ne da abu ɗaya tal a jikin bangon da babu komai, da hasken da aka tsara don shi. Ke kuma kin sayo guda goma, kowanne an yi shi ne don ya zama tauraro, kin tara su a ɗaki ɗaya suna ta ihu, ido ya rasa wanda zai saurara. William Morris, Baturen Ingila da ya yi suna wajen zanen yadi da takardar bango, ya ba da wata shawara a laccar da ya yi a 1880, cewa kada mutum ya ajiye komai a gidansa sai abin da ya san yana da amfani ko ya yarda yana da kyau. Ki gwada ta da hannu. Ki samu kwali babba, ki kwashe duk ƙananan kayan ado, fulawoyin roba, 'yan gumaka, kwalabe, firam-firam, ki kai ɗaki na mako guda. Wanda kika ji kewarsa ki dawo da shi. Za ki yi mamakin ƙarancinsu.

Bayan nan ki sayi tef ɗin awo, domin yawancin abin da mutane ke kira iya kwalliya awo ne kawai. Hoto ko madubi, tsakiyarsa ya kasance wajen santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai idon mai tsaye. Haka gidajen nuna zane suke yi, mu kuma mun saba kai shi kusa da silin sai an ɗaga wuya. In a saman doguwar kujera ne, ki bar santimita 15 zuwa 20 tsakaninsu, faɗinsa kuma ya kai kamar kashi biyu cikin uku na faɗin kujerar. Ƙarfen labule ya hau sama da taga da santimita 10 zuwa 15 ko fiye, ya zarce ta kowane gefe da santimita 15 zuwa 20, yadin ya ninka faɗin tagar sau biyu, ya sauko har ya kusa shafar ƙasa. Wannan kaɗai yana sa ɗaki ya yi tsawo, taga ta yi faɗi. Kafet ɗin tsakar falo kuma kada ya zama ɗan tsibiri a tsakiya. Ƙafafun gaba na kujeru su hau kansa. Ƙaramin falo yakan ɗauki mai santimita 160 da 230, matsakaici kuma 200 da 300. Game da kala, masu sana'ar suna da wani lissafi mai sauƙin riƙewa: kashi 60 kala ɗaya mai sanyi, wato bango da manyan kaya, kashi 30 ta biyu, kashi 10 mai ɗaukar ido. Ruwan zinare a wannan goman yake zama. In ya wuce nan, falo ya koma shago.

Sai haske, wanda a wurina shi ne rabin kwalliyar ɗaki, kuma shi aka fi mantawa da shi. Ɗakuna da yawa ƙwan lantarki guda ne fari fat a tsakiyar silin, mai sa fuskar kowa ta koma ta majinyaci. Ki ɗauko kwalin ƙwan ki duba, za ki ga wata lamba da harafin K a ƙarshenta. Daga 2700K zuwa 3000K haske ne mai taushi, ɗorawa-ɗorawa kamar na yamma, shi ya dace da falo da ɗakin kwana. 4000K tsaka-tsaki ne, ya fi dacewa da wurin aiki. 6500K shi ne farin nan mai shuɗi-shuɗi. Ƙarfin hasken kuma da lumen ake auna shi: tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da wajen lumen 800, na zamani irin LED yana ba da haka da wat tara ko goma. In kin ga an rubuta CRI 90 ko sama, wannan ƙwan zai nuna kalar yadi da fata yadda suke. Fitila biyu ko uku a kusurwa daban-daban, ɗaya a tebur ɗaya a tsaye, sun fi ƙwan silin ɗaya komai ƙarfinsa. Madubi kuma ki sa shi inda zai kama hasken taga ya watsa cikin ɗaki. Ki yi waɗannan kafin ki ƙara sayen ko tsinke.

Mu zo kan aminiyarki. Shawarata ta farko ita ce kada ki kai komai ranar da suka tare. Ranar nan gida cike yake da kwalaye, kowane sabon kaya ƙarin nauyi ne. Ki kai kanki: ki taya shirya kabad, ki riƙe tsani a rataya labule, ko ki ɗauke yaron yini guda su samu su yi aiki. Uwar ɗan shekara biyu da ke kwashe kaya ba za ta manta da wanda ya yi mata wannan ba.

Bayan mako biyu ko uku ki koma ziyara da ido a buɗe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma baƙo mai lura ma yana ganin inda aka tara kwano. Ina suke jefa makulli in sun shigo? Ina takalma suke taruwa? Kayan wasan yaron suna da wurin kwana, ko a tsakar falo suke? In dare ya yi, akwai fitilar da za ta kunna ba tare da ta tashi yaron ba? Wace kala ce ta fi yawa a abin da ta zaɓa da kanta? Amsar waɗannan ita ce kyautarki. Wataƙila kwando biyu masu murfi, saƙaƙƙu masu kyau, da za su haɗiye kayan wasa su kuma yi wa kusurwa ado. Wataƙila ɗan katako mai ƙugiyoyi na bakin ƙofa. Wataƙila fitilar tebur mai hular yadi fari ko ruwan ƙasa, ki haɗa da ƙwan 2700K a ciki don kada ta je ta sa mai shuɗin nan. In da ni ce, fitilar zan kai. Ƙarama ce, ba ta neman ƙusa, tana shiga kowace kala, kuma in sun sake gida za ta bi su.

Abin da ake amfani da shi har ya tsufa shi ma ba ya ba da kunya. Tawul na auduga zalla, ki duba nauyinsa a jikin takardar, tsakanin giram 500 zuwa 600 a murabba'in mita. Wanda ya fi haka kauri yana da daɗin taɓawa amma yana daɗewa bai bushe ba. Zanin gado mara zane, bayan kin tambayi girman katifar, har da kaurinta. Rigunan matashin kujera ma suna da daɗin bayarwa, don yawanci santimita 45 da 45 ne, kuma in ba su yi mata ba ninkewa za ta yi a durowa, ba sai ta nemi ɗakin ajiya ba. In kina son abin da zai taɓa zuciya, ki nemo wani tsohon hotonku ku biyu, ko na yaron da ba ta da shi, ki wanke ki sa a ƙaramin firam na tebur. Ƙarami na ce. Shi za ta iya ajiyewa a falo ko a gefen gado, zaɓin nata ne.

Kuma ki tambaye ta. Mutane suna ganin tambaya tana rage wa kyauta armashi, ni ban yarda ba. Sai dai akwai yadda ake yi. In kin ce "me kike so?", amsar da za ki samu ita ce "haba, ba komai, Allah ya bar zumunci". Ki tura mata hoto uku ki ce: "Ɗaya daga cikin waɗannan zan kawo miki ko kin so ko kin ƙi, wanne ne?" Za ta yi dariya ta zaɓa. Ki kuma saya a inda ake karɓar canji, ki ajiye rasit, ki gaya mata da bakinki cewa in bai yi ba a canza, ba za ki ji komai ba. Sannan ki tabbata da gaske ba za ki ji ɗin ba.

Akwai abubuwan da zan hana ki kai wa wannan gida musamman, saboda yaron. Ƙaton madubin jingina, ko dogon kanta da durowa da ba a ɗaure da bango ba, haɗari ne. Ɗan shekara biyu hawa yake yi. A 2016 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye durowoyi kusan miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun kife a kan ƙananan yara sun yi ajalinsu, kuma a gidan haya ba kowane mai gida ke yarda a huda bango a ɗaure ba. Kyandirori da 'yan fitilun ado masu batir ɗan kewaye kamar maɓalli su ma ki guje su, domin in yaro ya haɗiye batirin yana ƙona maƙogwaro cikin awanni kaɗan. Labulen da ake ja da igiya mai lilo, kwalliyar gilashi, kwanon ƙananan duwatsu, duk ki bar su a shago.

Shuka kyauta ce mai zuwa da aiki, kada ki ba wanda bai nuna yana so ba. Wasu daga cikin waɗanda aka fi sayarwa don cikin ɗaki, irin su Dieffenbachia da Pothos, ganyensu yana ƙona baki da harshe in yaro ya tauna. Kuma kada mai sayarwa ya ruɗe ki da cewa suna tace iska. Maganar ta samo asali ne daga gwajin da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi a 1989 a cikin rufaffun akwatuna, ba a falon da ake buɗe ƙofa da taga ba. Tukunya ɗaya ko biyu kyau kawai suke ƙarawa. Kayan ƙamshi kuma sai kin san hancin mutanen gidan, don abin da ke yi miki daɗi yana iya tayar wa wani da asma ko ciwon kai. Haka allon bango mai rubutu ko zane babba: wannan zaɓin masu gida ne su biyu.

In kin haɗa kyautar, ki rubuta 'yan kalmomi da hannunki a takarda, ki faɗi dalilin da ya sa kika zaɓe ta: "Na ga kina laluben makunni a duhu don kada yaro ya farka." Layi ɗaya irin wannan yana gaya mata kin zo gidanta kin gan ta.

Agogon kuma, in Yaya ta dawo miki da shi, ki auna bangonki kafin ki kira mai kafawa. In bai shiga ba ki sayar ki saya mata abin da ta zaɓa. Don Allah dai kada ki sake naɗe shi ki kai wa aminiyarki, gidan nata ma ɗakin ajiya ba lallai yana da shi ba.